Sallayar Su'ad

Sallayar Su'ad ce ta fara tsorata ni. A kan igiyar shanya take rataye ta, a bakin ɗakinta, duk lokacin da take hutun salla. Ni kuwa a zauren gidanmu da ke Ƙofar Galadima nake wuni ina ɗinkin babbar riga, sai lokacin salla nake shiga ciki in ɗauki buta. Kowa ya san mace takan huta da salla na wasu kwanaki. Amma ita sai ta sauke sallayar kwana biyu, ta sake mayar da ita. Wata ya mutu, wani ya kama, haka ake ta yi. Fuskarta ta yi fari, ga shi in ta dawo daga makarantar da take koyarwa sai ta dafa bango kafin ta cire takalmi.

Haka uwarta Asma'u ta fara. Jini ya ƙi tsayawa, muka yi ta jiƙe-jiƙe, da muka isa asibiti likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma mun makara. Ni na san ƙamshin turaren da muka riƙa kunnawa a ɗakin nan don kada baƙi su ji wani abu. Har yau in na ji shi a jikin wani, sai in matsa gefe.

Na ƙudurta a raina gado ne, ya sauko kan 'yarta. Allura ta soke ni ya fi a ƙirga. Na ɓata wuyan rigar wani Alhaji, sai da na warware.

Ga shi ba ni da bakin tambaya. Su'ad 'yar fari ce. Tun da aka yanka mata rago ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Wanda ba ya iya faɗin sunan 'yarsa, ta ina zai tambaye ta jini?

Sai na tafi Tukur-Tukur wurin yayata Radiya, na faɗa mata ina kallon ƙasa. Na ce na ji a rediyo ana yi wa mata gwajin cutar, ta taimaka ta kai ta.

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Shehu, kanka ɗaya kuwa? Gwajin matan aure ne wannan. Ƙarfe fa suke sakawa! Budurwa za ka kai su lalata? In wata ta gan ta a layin, kafin la'asar an kai labari har bakin fada."

"Yaya, to in ta mutu fa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Zan aiko mata da sassaƙe."

Sassaƙe. Abin da aka fara ba Asma'u ke nan.

Na dawo gida a ƙasa. In na kai ta, na zubar mata da mutunci. In na bar ta, na san hanyar maƙabarta. Ina shiga na tarar da ita zaune a kan turmi, ta kifa kai a gwiwa, shinkafar da take tsincewa ta zube kaji suna ci.

"Su'ad," na ce.

Ta ɗago a firgice, kamar baƙo ne ya yi sallama.

"Ɗauko hijabinki. Asibiti za mu."

Ba ta tambaye ni dalili ba. A cikin keke napep ta juya fuska waje ta ce, "Baba, ni ma abin da nake tsoro ke nan. Shi ya sa na yi shiru."

Ma'aikaciyar jinyar da muka samu dattijuwa ce mai tabarau. Ban bari mun zauna ba na fara zuba, na ce uwarta, na ce gado, na ce don Allah kada a sa mata ƙarfe.

"Malam, ka numfasa tukuna," in ji ta. "Wannan cutar ba gona ba ce da za a gada. Galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ake ɗauka ta kusantar mace da namiji. Wadda ba ta taɓa ba, da wuya ƙwarai ta same ta, ko da yake ban ce sam-sam ba. Kuma ba mai taɓa ta sai da yardarta. Amma jinin da ya ƙi tsayawa dole a nemi dalilinsa, da aure ko babu. Yanzu fita, ita ce mai jikin, ita zan tambaya."

Na zauna a benci cikin mata, ni kaɗai namiji. Wata ta ce da ta kusa da ita, "Ga wani an aiko shi awon ciki." Suka yi dariya. Ni carbi ma kasa ja na yi. Na ga an wuce da Su'ad ɗakin hoto, an rufe ƙofa. Duk wadda ta fito daga nan sai in leƙa fuskarta, ina neman irin kallon da likitan Asma'u ya yi mini.

Da Su'ad ta fito ta tsaya a gabana. Na ɗago na dube ta.

"Ƙari ne a mahaifa, Baba. Likita ya ce ba sankara ba ce, mata da yawa suna da shi. Jinina ya yi ƙasa sosai, ya ce da mun ƙara jinkiri sai an yi mini ƙarin jini. Za a fara da magani, in riƙa dawowa ana dubawa."

"Kin tabbata haka ya ce? Ba ɓoye mini kike yi ba?"

"Wallahi. A kan ciki kawai suka ɗora na'urar."

Sai a lokacin carbin ya suɓuce mini ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauko mini.

"Ashe dai ka san sunana," ta ce.

"Ke, wuce mu tafi," na ce.

Har yanzu duk shigar da zan yi cikin gida sai na dubi igiyar nan. Jiya da azahar babu komai a kanta sai ɗankwali.