Kaskon Vandi

Shekara biyu bayan ƙuri'ar raba gardama kan makomar yankin Mubi, zazzaɓi ya bugi Vandi maƙeri har ya kwashe kwana uku yana sambatu. Dangi suka sauko da shi daga dutse, aka sa shi a ɗakin masu taɓin hankali na wani asibiti a Mubi. Zazzaɓin ya tafi abinsa, amma wata ya cika ba a sallame shi ba.

Matarsa Dibora ta san inda matsalar take. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, sai abin da Sali mai kula da ɗakin ya fassara masa. Shi kuwa Sali ya tsinci maƙeri a ɓagas. Gadajen ɗakin duk sun daina girgiɗi, fartanyun gonarsa ta Lamorde sun yi kaifi. Kullum kuma hujjarsa ɗaya: mutumin nan ba ya cin abinci, hankalinsa bai dawo ba.

Sai dai dabarar ta wuce inda Sali ya nufa. Likita ya ce tun da haka ne, ranar Alhamis a sa Vandi a mota zuwa babban gidan mahaukata can nesa. Dibora kuwa ba ta taɓa ganin wanda ya dawo daga can ba.

Ta taga ta tambayi Vandi da yarensu, "Me ya hana ka ci?"

"Tasa ɗaya ake ba mu, ni da Baba Kwaji," in ji shi. "Ɗan dutsenmu ne, manomi. In na sa hannu, ba zai ƙara ci ba, ga shi ba ƙarfi."

Ashe abin ke nan. A dutsensu maƙeri ba ya haɗa tasa da manomi. Haushi ya kama ta, tausayi ma ya kama ta. Namiji da gemunsa, ya zauna yana ramewa a kan 'yar gyaɗar da take miƙa masa, ya kasa buɗe baki!

Ranar Alhamis da hantsi ta zo da tuwon dawa da miyar yakuwa a kaskon da ta gina da hannunta. Sali ya tare ƙofa.

"Ba a shiga da abinci."

"Malam, ni ba zan yi magana ba," ta ce. "Tuwo ne zai yi."

Ta sunkuya ta ƙarƙashin hannunsa, ta dire kaskon a gaban mijinta, likita na tsaye. Vandi ya wanke hannu, ya gyara zama. Loma yake kaiwa ba ƙaƙƙautawa, har ya suɗe yatsu.

Likita ya dubi kaskon, ya dubi Sali. Sali ya fara zuba Turanci, likita ya ɗaga masa hannu, ya sa aka kira Margret, wata nas 'yar Michika mai jin yarensu. Ita ta yi wa Vandi tambayoyi, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, har da ranar kasuwar garinsu. Likita ya soke sunansa daga takardar mota, ya ce a sallame shi, Baba Kwaji kuma a riƙa ba shi tasarsa shi kaɗai.

Suka fito baranda. Dibora ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba, don daɗi ya yi mata yawa. Motar ta tashi ta wuce ta gabansu.

Vandi ya tsuguna kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Dibora, da saura a gida?"