Autan Mikiya da Inna Baraka

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya. Idan ya karkace, rashin sabo ne.

Kakata Inna Baraka, mai kiwon kaji a gidanmu na Talata Mafara, ba ta da abokin gaba kamar shirwa. Shi ya sa nake ɓoye mata abin da nake kallo a waya: sheƙar wata mikiya mai farin kai a Amurka, an kafa mata kyamara, ana ganinta kai tsaye. Malama Priscilla ta makarantarmu ce ta nuna mini.

Ran nan da la'asar ta kama ni a bayan rumbu.

"Ke uwar littafi, mi kike kallo kina murmushi?"

Na miƙa mata. Ta ga baki kamar lauje, ta ja tsaki. "Ɓarauniyar kaji ce aka ba fim?"

Amma ba ta maido wayar ba. Ƙanana biyu ne a sheƙar. Duk sanda uwar ta kawo kifi, babban sai ya sari ƙaramin a ka, ya cinye.

"Wanga auta ba zai kai ba," in ji Inna. "Rubuta wa masu shi, su hau su ɗauko shi, su kife shi da kwando, su ba shi tsaki."

"Inna, mutane da yawa ke karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon nan."

"To, su karanta."

Da kyar na haɗa Turancina na tura. Wata mata ta amsa da ladabi cewa ba a taɓa sheƙar, kallo kawai ake yi.

"Kiwo ba hannu?" Inna ta riƙe haɓa. "Allah ya kyauta."

Daga ranar, ita ke tuna mini cajin waya. Tana surfe tana leƙe, tana yi wa babban faɗa, tana cewa kifin bai kai na dam ɗinmu na Bakolori ba. Auta kuwa sai ƙara lafewa yake, ni har na daina son buɗewa.

Wata Laraba uwar ta sauka da ƙaton kifi. Babban ya ci har ya kife. Sai ga Auta ya zagayo ta bayan ƙafar uwar, a hankali, ya fizgi loma. Ya sake fizga. Bai tsaya ba sai da maƙoshinsa ya kumbura kamar an cusa masa lemo.

Inna ta rangaɗa guɗa, kajinta suka watse, maƙwabta suka shigo.

"Jikata ce ta rubuta wa Turawa, suka gyara kiwonsu," take gaya musu. "Bari ta karanta muku da bakinta."

Duk kawunansu na kan wayar. Ni da na san abin da matar nan ta amsa, na ɗauki takalmana a hannu, na sulale ta bayan rumbu.