Turamen Malam Armiya'u

Ranar kasuwar Kaura, ana gab da Babbar Sallah, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Malam Armiya'u ya tsuguna gaban turamen da nake sayarwa yana ƙwanƙwasa su da yatsa, yana kara kunne kamar mai zaɓen kankana.

Na ce, "Malam, turmi dubawa ake yi ko yana da tsaga. Ba a sauraronsa."

"Wanga muryarsa ta yi ƙasa, wancan ta yi sama. Huɗu nike so, Baba Lado, da taɓarensu. Amma aro."

"Aro? Daga Zurmi na loɗo su a mota, ba tsintar su na yi ba."

"Kai ka san mata ba su son sabon turmi, sai an sha wahalar dakan dusa kafin ya daina zubar da garin itace. 'Yan matan makarantarmu za su dake maka su har su yi sumul. Ranar rufe makaranta kuma iyaye mata duk za su gan su."

Na yi shekaru ina yawon kasuwanni daga Shinkafi har Maraɗi, ban taɓa ganin malamin boko da kan ciniki haka ba. Na ce na yarda, amma in ɗaya ya tsage, kekensa nawa ne. Ya dubi keken, ya dube ni, ya miƙo hannu.

Armiya'u shi ke koyar da waƙa a firamaren unguwarmu tun yana saurayi, yanzu har furfura ta fara fito masa a gemu. Da maganar Shari'a ta zo, babu wanda ya aiko wa makarantar da umarnin komai. Hedimasta Saminu ne da kansa, don kada a ce masa, ya kwashe gangunan faretin yara da usur da sarewa ya kulle a sito tare da karyayyun kujeru. Daga nan awar waƙa ta zama awar kowa. Yau a janye yara su share fili, gobe su ɗebo ruwa. Malam ya shiga aji ya tarar da benci ba yara. A bakin masallaci samari na ce masa, "Makaɗi, yaushe za a tuba?" Telan da ke ɗinka wa 'ya'yansa kayan Sallah ma sai da ya yi masa wa'azi kafin ya auna su.

Sai hedimasta ya kira shi ya ce bayan hutu za a cire waƙa daga darussa, shi kuma za a nemi a tura shi Jangeru, can wajen bakin iyaka, ya koyar da lissafi. Armiya'u yana da tsohuwa da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, ba mai kai ta bakin iyaka. Ya ce bai zuwa. Hedimasta ya ce to, ranar rufewa dattawan kwamitin unguwa za su zo. In ya iya sa yara waƙa ba ganga, kwamiti kuma bai ɗaga yatsa ba, ya riƙe darasinsa. Ya faɗi haka ne don ya tabbata ba za ta yiwu ba.

Ni dai ban ƙi Shari'a ba, ta rufe gidajen giyar da suka cinye mini ƙane. Amma na lura masu tsoron a ce musu sun fi masu cewar tsanani.

Ranar rufewar na je da wuri don in sa ido a kan kayana. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiya, maza a gefe guda, mata a can gefe. Liman Ado na zaune a gaba, kusa da shi Hafizu, wani saurayi mai zafin kai wanda shi ke yi wa kwamiti magana. Aka yi karatu, aka yi addu'a. Sai Armiya'u ya miƙe ya ce yara za su yi wa baƙi fura.

'Yan mata suka jera turamen, babba zuwa ƙarami, suka zuba gero. Biyu-biyu a kowane turmi. Malam ya ɗaga hannu, babban turmi ya fara, gum, gum. Na biyu ya shigo tsakani. Kafin ka ce me, an shiga lugude, taɓarya ta tashi sama, a tafa hannu, a cafe. A lokacin na gane abin da yake saurare a kasuwa. Kowane turmi da tasa murya. Yara maza daga baya suka ɗauki waƙar da ya koya musu, ta ragon layya da gaida iyaye, tana hawa kan dakan daidai.

Hafizu ya zabura. "Malam, wanga kiɗa ne!"

Taɓare suka tsaya. Na ga hedimasta ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa.

Armiya'u bai ja da baya ba. "Nuna mini gangar, Hafizu."

"Ba sai an ga ganga ba, kunne ya ji."

"To kunnenka bai ji shi a gidanku da safen nan ba? In haramun ne, ban musu. Amma a fara daga bakin kasuwa, gida-gida, a kwashe taɓare. Ran Sallah kowa ya tauna tsabar gero. Ni ba a mayar da ni ɗan iska a gaban yaran da na koya wa gaisuwa. Kai ma a gabana ka zauna, murya ce dai Allah bai ba ka ba."

Dariya ta ɓarke daga wajen mata. Hafizu ya juya ga Liman. Liman ya gyara rawani, ya buɗe baki, sai wata tsohuwa ta miƙe daga tabarmar mata tana ɗaure zani. Gwaggo Kulsumu ce, yayar Liman, wadda ta goye shi.

"Ku ba ni nan," ta ce da 'yan matan babban turmi. "Haka ake lugude, kamar masu jin yunwa? Malam, ka koya musu rabi."

Ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta sake tafawa, ta cafe. Yara suka bi ta. Ta waiwayo ba ta daina ba. "Ado, da wanga dakan aka yi kununka na yaye. Kana da magana?"

Liman ya bari aka ci gaba da dakan har aka gama. Da aka dama fura da nonon da Fulani suka kawo, shi aka fara miƙa wa. Ya sha, ya goge baki, ya ce, "Turmi kayan aiki ne. A dai ci gaba da raba maza da mata." Ya miƙa wa Hafizu ludayi. Hafizu ya karɓa.

Armiya'u ya tafi gun hedimasta a gaban kowa ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɗaga yatsa?"

"Hafizu ya ɗaga."

"Da yatsan nan yake riƙe da ludayi yanzu."

Bayan Sallah darasin waƙa na nan, Malam na nan Kaura yana ɗaga tsohuwarsa, kekensa na ƙarƙashinsa. Ni kuwa turamena ranar rufewar ba su kai yamma ba aka saye su, babban kuwa Gwaggo Kulsumu ce ta saya, ta ce shi ya fi murya. Hedimasta ya rasa awar da yake samun masu shara. Hafizu har yau in ya wuce mata na daka sai su ƙara tafi. Gangunan makaranta ne suka fi kowa asara. Da Armiya'u ya matsa aka buɗe sito da damina, gara ta cinye su, sai zobban ƙarfe. Ya ɗauki zobe ɗaya ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya sa a aljihu.