Mai Rufe Baya

Yaya, sun isa. Wallahi sun isa, su bakwai ɗin nan cif, ba wanda ya rage a hanya. Yanzun nan hoton ya shigo wayata ina tsakar yi wa yarinya wanka, na bar ta da kumfa a ka tana tsala kuka ni kuma ina tsalle. Ga su a bakin teku sun jera baburan, fuskoki duk baƙin hayaƙi, ga maigidana can ƙarshen layi a kan jan babur ɗin Baba Makanike. Tsaya in ɗauko miki daga farko, tunda rabon da mu zauna tun da na haihu.

Kin san Baba Makanike ai, tsohon nan da ƙofarsa ke kallon tamu, wanda ya gyara miki keken ɗinki. Allah ya yi masa rasuwa, wata biyu ke nan. Shekara uku shi da abokansa shida suna shirin hawa babura su ratsa wata ƙasa, tun daga kan iyaka har bakin teku, tafiyar kwana goma sha biyu. Taswirar na manne a bangon ɗakinsa, duk garin da za su kwana ya soka masa allura. Bai taɓa ganin teku ba a rayuwarsa.

Su in za su yi tafiya, akwai mai ja a gaba, akwai mai rufe baya. Mai rufe baya ba ya wuce kowa, ko da na gabansa rarrafe yake yi. Shi ke ɗauke da kayan gyara. In an tsaya kuma, ba ya kashe inji sai ya ƙirga kowa. Shekara ashirin Baba ne a wannan wurin.

Saura wata uku su tashi ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, hannu ya kama rawa. Wata safiya ina shanya ya ƙwala mini kira ta taga.

"'Yata, kin iya rubutu?"

Na ce, "Baba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Rubutuna kamar kaji sun yi tono."

Ya ce, "Shi nake so. Mai babur ba ya karanta ƙananan baƙaƙe, manya-manya za ki yi."

Ya sa Inna, matarsa, ta yanka kwalayen sabulu. Kowace rana da katinta, a manna a kan tankin mai. Yana faɗa ina rubutawa, yarinya na barci a cinyata. Garin da za a sha mai. Inda kwalta ta ƙare. Gadar da ba a hawa bibbiyu. A saman kowane kati kuma sai na rubuta HANNUN HAGU, don can ba hannunmu suke bi ba. Na ce, "Baba, sau ɗaya bai isa ba?" Ya ce, "Da safe mutum ke mantuwa. Ya tashi daga barci, ya koma hannun gida, ya haɗu da babbar mota." Mutum bakwai, kwana sha biyu, kowa da nasa. Yatsana har ya yi kanta.

To maigidana kin san shi, kai saƙo yake yi a babur, ba a banza ake ce masa Iska ba. Shekara biyu yana roƙon su tafi da shi, shugabansu, wani tsohon hedimasta, yana cewa ba ya tafiya da mai ganganci. Ran nan Baba ya aika a kira shi, ya miƙa masa makullin jan babur.

"Gobe ka bi mai burodi a baya, tun daga gidan burodi har ya gama zagayensa. Kada ka wuce shi."

"Baba, a keke fa yake."

"Na sani."

Washegari da azahar ya dawo gumi sharkaf, fuska a murtuke. "Baba, mutumin nan sau goma sha ɗaya yana tsayawa gaisuwa."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe ka ƙirga. To ka fara koyo. Gobe ma ka koma."

Kwana tara yana bin mai burodi. Da yamma kuma ya durƙusa a bakin taga, Baba na kwance yana ba shi umarni, ya kwance taya ya mayar, ya cire sarƙa ya ɗaura. In ya yi sauri Baba ya ce a sake.

Ranar da muka zo kati na ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai na kai kunnena kusa. Ya ce, "Rubuta. Gangara ce har ruwa. In kun hango teku kada ku yi gudu. A ƙirga." Na rubuta. Ya ce in nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya ce ƙ ɗina ya karkace amma zai karantu. Sai yarinya ta farka, na fita in ba ta nono. Ban fi minti goma ba. Da na dawo na tarar Inna ta ja masa mayafi, tana zaune a gefen gado ta riƙe gwangwanin da muke zuba katunan. Allah ya jiƙansa.

Bayan kwana goma abokan suka taru a tsakar gida, wai za su sauke taswira. Ina jin Hedimasta daga ɗaki yana cewa, "Babu mai rufe baya, babu tafiya. A bar maganar."

Yaya, ban san lokacin da na saɓa goyo na fito ba. Ni da ko gaisuwa ba na iya yi musu sai kaina a ƙasa. Na dire gwangwanin a gabansu.

Na ce, "Baba Hedimasta, ku yi haƙuri da bakina. Kati tamanin da huɗu ne a nan. Yana numfashi da ƙyar ya faɗa mini su. Ba zan hura wuta da su ba."

Ya ce, "'Yata, wa zai tsaya a baya?"

Inna ta zaro makullin jan babur daga bakin zaninta, ta ɗora a tafin maigidana.

Hedimasta ya ce, "Iska? Yaron da ke wuce motar asibiti?"

Na ce, "Ku gwada shi. In ya wuce ko mutum ɗaya, ni da kaina zan sauke taswirar."

Suka fita gwaji ranar Asabar. Ashe Hedimasta ya shirya masa tarko. Da suka sha wata kwana sai ya saci jiki ya laɓe bayan gidan mai, sauran suka ci gaba. Da aka tsaya, maigidana ya ƙirga, biyar ne a gabansa ba shida ba. Bai kashe inji ba, bai tambayi kowa ba, ya juya. Ya same shi zaune a kan benci yana duba agogo. Abin da Hedimasta ya ce masa kawai, "Ka je ka yi fasfo."

Ran tafiya maƙwabta suna ta ce mini za ki bar miji ya tafi wata duniya ga jaririya a hannu. Na ce ni na manna masa katin farko da hannuna, sai ya je.

Bayan hoton nan ya turo saƙon murya. Babu gaisuwa, sai ƙarar inji, sai muryarsa a dishe yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, har shida. "Da ni bakwai." Sai ya kashe. Daga nan ba abin da kike ji sai ruwa yana zuwa yana komawa.

Na ruga na kunna wa Inna. Ta sa na maimaita sau uku. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta zare allurar da ke jikin ɗankwalinta, ta soka a taswira, daidai inda launin ƙasa ya ƙare shuɗi ya fara. Yanzu haka tana zaune a bakin ƙofa kusa da tabon baƙin mai inda babur ɗin ke kwana, wayata a kunnenta, ta ƙi ba ni, shi ya sa na kira ki da ta maƙwabciya.

Ki faɗa wa su Umma sun isa. In kuma mai burodi ya biyo ta layinku, don Allah ki tsayar da shi ki gaya masa, shi ma da hannunsa a ciki.