Malam Ba Suna Ba Ne

Benci ɗaya muke zama ni da Fanta a ajin mata na unguwar Barunde, irin bencin yaran firamare da in kin zauna gwiwa ke neman taɓa haɓa. Bayan la'asar muke shiga, idan yara sun watse. Hajiya Zulfa, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya, ita ta tattaro mu, mu matan da karatu ya tsinke mana a tsakiya, ta ce sai mun zauna jarrabawar gama sakandare ko da furfura ta rufe mana kai.

Ni sunana Nancy, 'yar Tangale ce daga Billiri. Babana ya rasu ina gab da ajin ƙarshe, na ajiye littafi na kama rainon ƙannena. Fanta kuwa Bafulatanar cikin gari ce. Mahaifiyarta ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, ita kaɗai ce mace a ɗakinsu, sai ta zauna jinya. Jinya ta ƙare, aure ya zo, 'ya'ya suka biyo baya, makaranta ta zama labari. Yanzu tana da shagon zare da maɓalli a Kasuwar Gombe. Na fi ta baki, ta fi ni kai. Duk ajin ba wadda ta kai ta yawan tambaya, musamman a lissafi. Ni dai nawa gunaguni ne, don x ɗin nan da ake ta nema tun muna 'yan mata har yau ba a gan shi ba.

Jarrabawa ta kusa sai aka yi wa malamin lissafinmu canjin wurin aiki. Hajiya Zulfa ta sha yawo kafin ta samo wani saurayi da ya gama hidimar ƙasa, ya yarda zai koyar da mu kyauta. Ta gabatar da shi, ta ce sunansa Malam Suhaib. Ya yi sallama, ya ɗago kai, idonsa ya faɗa kan bencinmu, sai ya juya ya kama goge allon da ba a rubuta komai a kai ba. Fanta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ranar ko tari ba ta yi ba. Washegari ba ta zo ba, haka ma jibi.

Na same ta a shago tana jera zare.

"Fanta, lafiya kika bar ni da x ni kaɗai?"

"Na haƙura da karatun nan, Nancy."

"Kin haƙura? Ana ganin ƙarshen hanya?"

Ta yi ta juya ƙwaryar maɓalli kafin ta ce, "Wancan da aka kawo, ɗan fari ne."

"Ɗan farin wa?"

Ta sunkuyar da kai, sai na gane nata ne. Na girma cikin Fulani, na san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama hira da shi. Tun yaye kakarsa ta wajen uba, Iya, ta ɗauke shi, har ya tashi yana kiran mahaifiyarsa Adda, kamar yayarsa. Duk na san wannan, amma ban taɓa ganin ya cinye wa mutum karatu ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

"Ni nawa ɗan farin da cikakken sunansa nake kwaɗa masa kira har maƙwabta su leƙo!"

"Ke ce, Nancy. Ni ta yaya zan ɗaga hannu in tambaye shi? Da wane baki?"

Ba wasa take yi ba, idonta ya kawo ruwa. Wannan ne karo na biyu da za ta bar makaranta, kuma duk mun san babu na uku.

Da na koma aji na tarar da Suhaib a bakin ƙofa yana jirana. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Mama Nancy, zan ba Hajiya haƙuri in janye. Gara Adda ta dawo."

"In ka janye wa zai koya mata? Ni?"

Ya yi murmushi kaɗan. "Ba ƙi na take yi ba, na sani. Haka muka tashi. Ko albarka za ta sa mini, a bakin Iya nake jin ta."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. A keke Napep ina komawa gida na yi ta juya ta, har wata dabara ta faɗo mini. Da safe na sake dira a shagon.

"Malamin da ya tafi, me kike ce masa?"

"Malam."

"To wannan ma Malam ne. Malam ba suna ba ne, Fanta. Wa ya ce ki kira sunan wani? Ɗanki yana gida wajen kakarsa. Na aji Malam ne."

Ta daɗe tana kallona. Ta motsa leɓe ta gwada kalmar a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Ta dawo, amma sai da muka koma bencin baya, kuma ni na zama ɗan aike. Ta kan raɗa mini, "Ki ce wa Malam ina biyun nan ta tafi?" In ɗaga hannu in faɗa. Shi kuma ya fuskanci allo ya ce, "A gaya wa mai tambaya ta tsallaka ne ta koma ɗebewa." Da fari matan aji suka riƙa ƙunshe dariya, Hajiya Zulfa ta harare su sau ɗaya, shi ke nan. A haka muka ƙarasa, kuma garin kai saƙo da dawo da amsa ni ma lissafin ya shige ni ba da niyya ba.

Sakamako ya fito, Fanta ta ci lissafi da kyau, ni na tsallake da ƙyar. Hajiya Zulfa ta haɗa mana walima a filin makarantar, da zoɓo da cincin, jikoki na ta guje-guje. Ana cikin haka Fanta ta ja gefen zanina. Suhaib na tsaye kusa da mu yana tattara kujeru.

"Ki ce wa Malam..."

"A'a," na ce. "Na ajiye aiki. Ga Malam nan, kunnensa ƙalau."

Na ɗauka za ta gudu. Ba ta gudu ba. Ta gyara mayafi, ta kafe ido a kan takalminsa.

"Malam."

Ya ajiye kujerar da ke hannunsa, ya durƙusa a gabanta.

"Allah ya yi maka albarka."

Ya buɗe baki zai ce amin, muryar ta ƙi fita. Ni na faɗa a madadinsa, da ƙarfi, ina share hawaye da bakin zanina.