Asabar ??arfe Hu??u

Tun ranar da kawunta ya ba ta tsohuwar kwamfutarsa nake sa ido a kan 'yata Auta. Ta goge duk abin da ke ciki ta sa wani tsari da take kira Linux, wai kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Ni abin da kowa ke iya buɗewa bai taɓa kwantar min da hankali ba. Sai in same ta a teburin falo ta buɗe wata baƙar taga babu hoto ko ɗaya, tana ta zuba rubutu.

Ni direban motar kai kaya ne, wuni nake a hanya. Na roƙe ta ta juye min tsofaffin kaset-kaset ɗina a filashi, don rediyon motar ba ya cin kaset. Ta yi sati biyu a kai. Ta ce kowace waƙa tana da wata 'yar takardar shaida a cikinta, inda ake rubuta sunanta da na mawaƙi da na kundin da ta fito, kuma ita ce ke cike su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Alhamis na sa filashin ina jiran a gama loda min kwalaye. Waƙa ta fara, rubutu ya soma tafiya a ɗan allon rediyon: ??auna a ??oye. A ƙarƙashinsa kuma: Asabar ??arfe hu??u.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ban kai ga kasa gane wannan ba. Ƙauna a ɓoye. Asabar ƙarfe huɗu. Na tsallake zuwa waƙa ta gaba, Asabar ɗin na nan. Ta gaba ma haka. Kuma duk Asabar da la'asar Auta kan fita, wai taron masu koyon kwamfuta a ɗakin karatu. Na ce a raina filashin wani ta ba ni bisa kuskure, alamomin tambayar nan kuwa sun sa su ne don kada irina ya gane.

Da na gaya wa mamansu, sai ta ci gaba da ninke wanki.

"Ka tambaye ta mana."

"In tambaye ta ta shirya min amsa?"

"To kai da ka shirya mata laifi fa?"

Na jira Asabar. Ƙarfe uku da rabi Auta ta fito da jakarta a kafaɗa, na tsaya a bakin ƙofa.

"Ajiye jakar nan. Yau babu inda za ki."

"Baba, yau ni ce zan nuna musu aiki. Suna jirana."

"Na san ana jiranki. Wane ne?"

Ta kalli mamanta, ta kalle ni. Na kai ta mota, na kunna rediyon, na nuna mata allon da ɗan yatsa. Ta karanta. Sannan ta koma cikin gida ta ɗauko kwamfutar da kwalin kaset ɗin, ta ɗora a kujerar gaba.

"Rediyonka ne bai san baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba," in ji ta. "Duk inda ya ga ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya rikice ya sa alamar tambaya biyu. Duba nan."

A allonta rubutun ya fito daidai, babu alama ko ɗaya.

"Wannan ya ƙara muni," na ce. "Ƙaunar wa?"

"Waƙar ba ta da suna, Baba. Abin da mawaƙin ke ta maimaitawa na rubuta. Ka saurara."

Na saurara. Shi yake faɗa kuwa, na kuma san waƙar tun kafin a haife ta.

"Asabar ɗin fa?"

Ta zaro kaset ɗaya ta miƙo min. A jikin takardarsa da ta yi ja don tsufa an rubuta da biro: Asabar ƙarfe huɗu. Hannuna ne. Lokacin da gidan rediyo ke sa shirin waƙoƙin ke nan, ina saurayi, nakan zauna in naɗa.

"Babu sunan kundi, sai na kwafe abin da ka rubuta," ta ce. "Na ɗauka za ka ji daɗin ganinsa."

Ta sa filashin a kwamfutar, ta rubuta layi biyu a baƙar tagar nan, ta mayar da duk baƙaƙen zuwa marasa lanƙwasa don rediyon ya iya karantawa. Ko minti biyar ba ta yi ba. Ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

"Zan iya tafiya?"

"Shiga in kai ki, kin makara."

"Don ka ga ko wane ne?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji ba gaskiya zan faɗa ba. Ta rufe kwamfutar, ta saɓa jakarta, ta bi titi da ƙafa. Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana. Na lura kwanar ɗakin karatun ce, kuma na ji kunyar lura da na yi.