Hutun Dioselina

Yayana Aníbal bai taɓa hura wuta a gidansa ba sai da matarsa Dioselina ta tafi Madrid aikin kula da wata tsohuwa. A shekarar kofi ya yi kwantai, gonarsu da ke gangaren Salamina ta kasa riƙe su. Ta tafi ta bar masa 'yarsu Yurani mai shekara shida.

Na ce ya ba ni yarinyar in haɗa da nawa. Ya ƙi, wai ba zai zauna daga shi sai kare ba. Arepar da ya fara gasawa, wainar masarar da muke karyawa da ita, ko karen bai ci ba. Gashin Yurani kuwa a hargitse yake tura ta makaranta, har malamar ta aiko a kira shi. Ranar Lahadi bayan coci, maza a dandali su yi ta tsokanarsa, suna tambayar uwargida Aníbal yau me aka ɗora. Dariya kawai yake yi.

Ta waya Dioselina ta koya masa komai. Ya jingina wayar da kwalbar mai, tana kallo tana cewa ya rage wuta, ya ƙara rogo a miya, ya raba gashin uku kafin ya kitsa. In sun gama sai ta ce ya juya mata wayar wajen gangaren, ta yi ta kallon ganyen ayaba.

Sai da Yurani ta kusa goma takardun zaman Dioselina a can suka fito, ta zo hutun Kirsimeti. Washegarin zuwanta ta yi sammako ta shiga kicin, ta iske Aníbal ya riga ya dafa cakulan na sha, arepa na kan wuta. Ta nemi tukunyarta ta rasa, komai ya sake wuri. Yurani ta fito da mataji a hannu, ta wuce ta, ta zauna gaban ubanta. Dioselina ta ce ta kawo ta yi mata.

"Ki bari, Mama," in ji yarinyar. "Shi Baba ba ya ja da zafi."

Dioselina ta same ni ina shanya a bayan gida. Ta daɗe tana miƙo mini kaya kafin ta ce, "Amparo, a can kewar gidan nan nake yi. Ga ni a cikinsa, kuma har yanzu kewarsa nake."

Na faɗa wa Yaya. Daga ranar ya daina tashi da wuri, wai bayansa ke ciwo. Dioselina ta san ƙarya ce, ta kawo masa cakulan har gado tana ce masa tsoho rago. Ranar Kirsimeti Yurani da kanta ta kai wa uwarta mataji, ta zauna ta daure.

Janairu na kamawa 'ya'yan tsohuwar suka fara kira. A tashar mota Aníbal ya ce ta zauna mana, kofi ya fara daraja. Ta gyara masa wuyan riga, ta ce sai Yurani ta gama sakandare. Motar ta bi kwanar dutse da ita, mu muka hau motar jif muka koma gona.

Aníbal ya koma tashi da asuba. Yurani kuwa ta ƙi yarda a tsefe kitson da uwarta ta yi mata har sai da ya warware da kansa.